Kowane shekaru da nasu nauyi: tambayoyi da amsoshi kan girman hankali da rikicin rayuwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni dai mushe ne, malamin lakwal a nan Tawa, na fi shekara 20 ina shaƙar alli, kuma tun muna makarantar horon malamai darasin da ya fi shiga raina shi ne na halayyar ɗan Adam, wanda rabin ajinmu ke gyangyaɗi in an fara shi. Ni ba lokotoro ba ne, ba na rubuta magani. Amma shekara da shekaru iyayen yara na tare ni bakin ƙofar lakwal, tsofaffin ɗalibaina na kira na a salula cikin dare, a fada ma in shayi ya kai na biyu sai wani ya matso ya rage murya ya ce Malam ina da wata ƴar tambaya, amma fa ba ni ba ne, wani abokina ne. To ga waɗanda suka fi maimaituwa na tattara, na cire duk abin da zai sa a gane mai tambaya.

Malam mi ake nufi da girman hankali? Ni na ɗauka in mutum ya balaga shi ke nan ya gama girma.

Jiki ne ke tsayawa ɗan'uwa, shi ma tsawo kawai ya daina. Abin da ke cikin ƙirji bai tsayawa sai ranar da aka kai mutum makwanci. Yadda kake tunani, abin da ke ba ka tsoro, abin da ke hana ka barci, duk suna sakewa da shekaru, kai da kanka ka tuna abin da ya sa ka kuka kana ɗan shekara 10 ka gani ko yau ba dariya zai ba ka ba. Alƙur'ani ya faɗi wannan a Suratur Rum aya ta 54, rauni, sai ƙarfi, sai kuma rauni da furfura. Mu ma Hausawa muna da matakanmu ai, jinjiri, yaye, kaciya, balaga, samartaka, magidanci, dattijo, tsoho tukuf. Inda muka gaza shi ne duk sunayen nan na abin da ido ke gani ne, na cikin zuciyar kuwa ba mu cika ba shi suna ba, sai dai a ce wane ya canza, ko wance ba ta jin magana kwanan nan.

Wanda ya fi shahara wajen tsara na cikin shi ne Erik Erikson, an haife shi a Jamus a 1902, ya koma Amurka a 1933, ya rasu a 1994. A littafin da ya fitar a 1950 ya kasa rayuwa kashi takwas, ya ce kowane kashi da irin jarabawar da ke jiran mutum a ciki, ita ce ya kira rikici.

Kalmar rikici ce ta tsorata ni. Wato kowa sai ya taɓu ke nan?

A'a wallahi. Abin da Erikson ke nufi kamar mararraba ce, ka taho kan hanya sai ta rabu biyu, dole ka ɗan tsaya ka yi jim. Jariri tambayarsa ita ce shin duniyar nan abin yarda ce ko kuwa. Ɗan shekara 2 zuwa 3 yana gwada ko zai iya abu da kansa. Daga nan zuwa 6 ƙirƙira da tambaya da ɓarna, ɗan firamare kuma so yake ya san ko shi ma ya iya wani abu cikin tsara. Mai balaga, ni wane ne. Saurayi da budurwa, wa zan jingina da shi. Magidanci, mi zan bari bayana. Tsoho kuma waiwaye yake, shin rayuwar nan da na yi ta yi ma'ana. Babu hauka ko ɗaya a nan. Girgiza ce irin wadda kowa ke ji in motar ta sauka daga kwalta.

Shi kansa mutumin bai taɓa sanin mahaifinsa na jini ba, mijin uwarsa ne ya rene shi, har sunan Erikson ɗin shi ya zaɓar wa kansa da ya zama ɗan ƙasar Amurka. To ka ga ba banza ba ya ƙare rayuwarsa kan tambayar ni wane ne.

Uwar mijina ta ce ina lalata jaririna da yawan ɗauka, in bar shi ya yi kuka ya saba. Gaskiya ne?

Baiwar Allah, ki gaida Inna da kyau, ki yi mata ladabi, amma ki ɗauki ɗanki. Jariri na wata 4 bai san wayo ba bare ya yi miki shi, kuka shi ne kaɗai bakinsa. In ya yi aka zo, ya sake yi aka sake zuwa, a hankali yake koyon cewa akwai wanda ke ji, wannan ita ce yardar farko da duk sauran ke hawa kanta. Abin da zai ba ki mamaki, ɗaya daga manyan binciken da aka gina wannan ilimi a kai nan Afirka aka yi shi, wata mata Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda wajen 1954 zuwa 1955 tana shiga gidaje tana kallon uwaye da goyonsu, ta lura cewa yaron da ya natsu da uwarsa shi ya fi ƙarfin halin rarrafawa ya yi nisa ya duba duniya, don ya san in ya waiwayo tana nan. Wato zanen goyon nan namu da wasu ke rainawa, Turawa sai da suka yi karatu kafin suka gano amfaninsa.

Inda nake da magana da al'adarmu shi ne yaye. Shekara biyu yaro na manne da uwa dare da rana, rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci ko a kwashe shi a kai ƙauye wajen kaka, ya farka babu nono babu uwa. Sai a ga ya daina wasa, ya koma fitsarin kwance, a ce ai rigimar yaye ce. To rashi ne ya yi, na farko a rayuwarsa. In za a yaye a rage a hankali cikin makonni, in kuma kaka ce za ta karɓa to ya zama ya saba da ita tun kafin ranar.

Ɗiyata shekara 2 da rabi, komi aka ce sai ta ce a'a, ta faɗi ƙasa tana birgima. Taurin kai ne ta gado?

Daga dangin uban ko, na san abin da kike son in ce ke nan. Ba gado ba ne, lokacin ne. Yanzu ta gano ita daban ce ke daban, kuma a'a ita ce kalmar da ke tabbatar mata da hakan. Ki ba ta zaɓi ƙarami, wannan riga ko waccan, ki bar ta ta ci tuwo da hannunta ko za ta ɓata jiki. Abin haɗari kuwa, wuta, rijiya, titi, babu shawara a nan. Zai wuce.

Yarona na aji 3 ba ya gane komi, malaminsu ya ce jaki ne. In cire shi in kai shi gareji?

Wagga tambaya tana taɓa ni don ni ma na taɓa yin laifin. Farkon fara aikina a wani ƙauye, aji ya fi yara 80, zafi, ga albashi bai zo ba, na ce wa wani yaro kai dai ba za ka taɓa iya komi ba, gaban kowa. Bai sake ɗaga hannu ba har shekara ta ƙare. Daga baya aka gano allon ne ba ya gani sosai daga bayan aji. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Tsakanin shekara 6 da 12 yaro auna kansa yake da tsaransa, abin da manya suka kira shi da shi kuwa ɗauka yake kamar sunan yanka. Kafin a yanke hukunci a duba idonsa da kunnensa, a duba ko yana karyawa da safe, a tuna kuma cewa yaron da ya tashi da Hausa ko Tamajak a gida rana ɗaya aka ce ya yi lissafi da Faransanci, kaya biyu aka ɗora masa. Akwai kuma abin da Jean Piaget, wani masani ɗan Suwizilan, ya nuna, ka zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban yaro ɗan shekara 4 ko 5, zai rantse maka na dogon ya fi yawa. Sai wajen shekara 7 yake gane ruwan bai ƙaru ba. Ba wauta ba ce, kan bai kai wurin ba tukuna. Ni kullum in na zo nan sai in tuna hadisin da ya ce a umurci yara da salla suna da shekara 7.

Gareji ba abin kunya ba ne, sana'a ce, amma a kai shi don ya iya, kar a kai shi a matsayin hukunci. Yaro dai ya samu abu guda da za a ce kai wane ya iya wannan, ko gyaran keke ne ko haddar izu biyu.

Ɗana shekara 15, da yaro ne mai ladabi, yanzu ya yi wani aski, ba ya zama gida, in na yi magana ya kumbura. An yi masa sammu ne?

Alhaji, sammun sunansa balaga, kuma kai ma an yi maka shi, sai dai ka manta. Ƙwaƙwalwar mai balaga ba ta nuna gaba ɗaya, ɓangaren sha'awa da son burge abokai yana riga tashi, na gaban goshi mai taka burki da hangen abin da zai biyo baya kuwa sai wajen shekara 25 yake kammala. Moto ce sabuwa mai ƙarfin inji, burkinta bai gama ɗauruwa ba. Shi ya sa za ka ga yaro mai hankali a gida, in ya shiga cikin abokai ya saki hannu kan moto a tsakiyar titi.

Askin da kayan da sabuwar tafiyar duk gwaji yake, yana neman wane ne shi in ba ɗan Alhaji wane ba. Ka zaɓi faɗan da za ka yi. Gashi zai sake tsirowa. Abin da za ka sa wa ido shi ne su wa yake yawo da su, ƙarfe nawa yake shigowa, ko kuɗɗi na ɓacewa a gida, ko idonsa na canzawa. Tramol ya cinye mana yara da yawa a garin nan kowa ya sani, kuma da yawansu ba don daɗi suka fara ba, don su iya aikin ƙarfi ne ko don su kashe wani abu da ke cin su a rai. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce wajen rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko wajen shekara 14, kuma kusan 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata irin matsala ta wannan fanni. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai 15 ba, ka san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Don haka kumburi da rufe ƙofa ba komi, amma in ya daina cin abinci, ya bar ƙwallon da yake so, ya daina fita ko wajen abokan ma, wannan wani abu ne daban.

Kuma don Allah a daina yi musu faɗa gaban baƙi. Ka ɗauke shi ku tafi gona ko kasuwa, magana ta fi fitowa in ba ido cikin ido ba.

Duk wannan tsarin Turawa ne Malam. Ya dace da mu kuwa?

Madalla da wannan tambaya, ita na fi so. Wani wuri ya dace wani wuri sam. Erikson ya yi lissafinsa ne da mutumin da zai yi lakwal, ya samu ƴan shekaru yana neman kansa, ya kama aiki, ya yi aure, ɗaya bayan ɗaya kamar matakalar bene. Mu nan benen a karye yake ta wuri biyu.

Ta wajen mata an haɗe matakan. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin 18. Yarinya ƴar 15 da ba ta gama sanin ita wace ce ba, cikin shekara ɗaya ta zama matar wani, surukar wasu, uwar wani, jarabawa uku a zama ɗaya, kuma in ta yi kuka a ce mata haƙuri, kowa haka ta yi. Da yawa tambayar ni wace ce ba ta tashi musu sai sun kai 35, yara sun tasa, sai ka ji mace ta ce ita dai tana son ta koma karatu ko ta kama sana'a, gida ya ɗauka wani ne ke zuga ta. Babu mai zuga ta, bashi ne rai ke bi.

Ta wajen maza kuma an ja matakin ya yi tsawo har ya gundura. Ga mai lisansi daga jami'ar Abdou Moumouni ko ta nan Tawa, ya yi bautar ƙasa ya gama, ya ajiye takardu ko'ina, shekara 32, yana kwana ɗakin zaure a gidan ubansa, kuɗɗin kati sai ƙanwarsa mai saida awara ta ba shi. A wurinmu kuwa in ba ka yi aure ba yaro ne kai ko gemunka ya kai ƙirji, ba a sa ka cikin shawara, ranar suna kai ne mai shimfiɗa tabarmi. Mutane na wucewa su ga ƴan fada su ce zaman banza, ni kuwa da na zauna da su na ga fadar nan ita ce ke riƙe da hankalin da yawansu, nan ne kaɗai ake tambayar ra'ayinsu, nan ake haɗa musu gudummawa in uwa ba lafiya. Illarta ɗaya, in ta zama ita ce rayuwar gaba ɗaya.

Sannan mu tambayar ba ni wane ne ba ce kawai, ɗan gidan wa ne kai ita ce gaba. Wannan yana da daɗi, ba ka faɗuwa kai kaɗai. Yana kuma da nauyi, don in ka faɗi ba kai kaɗai ka ji kunya ba.

Yayana ya yi shekara 6 a Libiya ya dawo hannu wofi, yanzu ba ya fita, ba ya magana, dare ya yi ta firgita. Mi za mu yi?

Allah ya ba shi lafiya. Nan Adar tafiya biɗa kusan ita ce kaciyar babban mutum, daga Keita, Buza, Illela, ko'ina, yaro na tasowa yana jin labarin Abijan da Kamaru da Libiya, ya san ranar da zai dawo da akwati da moto da kuɗɗin aure ita ce ranar da zai zama mutum. To wanda ya dawo babu ko ɗaya, ba dukiya kaɗai ya rasa ba, mutumin da ya yi niyyar zama ne ya mutu a hanya, kuma babu mai zuwa yi masa gaisuwa. Mun ga irin haka da yawa a 2011 lokacin da yaƙin Libiya ya koro mutane, da lokacin rikicin Kodebuwa.

Amma firgitar dare da kika faɗa ta sa ni tunanin wani abu ƙari. Wanda ya ga mutuwa a sahara, ko aka tsare shi, ko aka doke shi, abin kan riƙa dawo masa kamar yanzu yake faruwa, ƙarar ƙofa kawai ta sa shi zabura. Ciwo ne sananne kuma ana maganinsa. Ku daina tambayarsa mi ka kawo, ku hana masu zuwa da habaicin wane ya gina gida. Kar ku matsa masa ya ba da labari, in ya fara da kansa ku saurara kar ku katse shi da ai ƙaddara ce, ya san ƙaddara ce. Ku ba shi wani abin yi da hannu ko kiwon tumaki biyu ne, mutum na son a buƙace shi. Sannan wani namiji da yake jin nauyinsa, kawu ko aboki, ya raka shi likita.

Na haihu wata 2 ke nan, kowa na murna ni kuwa kuka nake a ɓoye, har ina jin kamar ba na son jaririn. Ni muguwar uwa ce?

Ko kaɗan ƴar'uwa, kuma kin yi jarumta da kika faɗa. Kwana 2 ko 3 bayan haihuwa mata da yawa na samun kuka ba dalili saboda sinadaran jiki da ke sauka gaba ɗaya, wannan kan wuce cikin mako 2. In ya zarce, kamar naki, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, OMS ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsala irin wannan bayan ta haihu. Ki lissafa matan da suka zo sunanki ki gani ku nawa ne. Wankan jego da kunun kanwa jiki suke wa aiki, ana kwana 40 ana kula da mai jego amma da wuya a ce mata ya ranki. Ki faɗa wa ungozomar da ke duba ki a likita yadda kika faɗa mini, ki samu mace guda cikin dangi da za ta riƙa karɓar yaron ki yi barci. In kuwa mai jego ta fara jin muryoyi, ko ta rikice ba ta gane mutane, ko tana maganar cutar da kanta ko jaririn, wannan na gaggawa ne, a kai ta a ranar, kar a bar ta ita kaɗai da shi.

Na cika 43, ina da aiki da iyali, amma kwanan nan sai in ji komi ya fita raina, ina tambayar kaina wai shi ke nan? Rashin godiya ne?

Wani masani ɗan Kanada, Elliott Jaques, shi ya raɗa wa abin suna a 1965, rikicin tsakiyar rayuwa, ya ce lokacin ne mutum ke daina ƙirga shekarun da ya yi ya koma ƙirga waɗanda suka rage. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba kowa ke shiga ba, marasa rinjaye ne, kuma sau da yawa wani abu ne ke tayar da shi, mutuwar uba, ciwon suga ko hawan jini da aka gano, ko ka je jana'izar wanda kuka yi aji ɗaya. Ga kuma matsi ta sama da ƙasa, tsofaffi na jiran magani, yara na jiran kuɗɗin lakwal, ƙanne na jiran a yi musu aure, babba juji ne aka ce, to jujin ma yana cika.

Ba rashin godiya ba ne. Duba Suratul Ahƙaf aya ta 15, an ambaci shekara 40 da sunanta, kuma addu'ar da ke wurin ta haɗa iyaye da zuriya, daidai mutanen biyu da ke danne da kai. Shawarata kar ka yanke babban hukunci cikin wannan yanayi. Mazanmu da yawa maganin da suke sani guda ne, ƙarin aure, ban ce haramun ba ne ni wa, amma in abin da ke damunka tsoron tsufa ne to amarya ba ta rage shekaru, kuɗɗin cefane take ƙarawa. Erikson ya ce abin da ke warkar da wannan mataki shi ne ka ga wani na tasowa ta hannunka, yaron shago da ka koya wa sana'a, maraya da ka riƙe, ko itacen da ka dasa.

Mata kuma a nan ne al'ada ke ɗaukewa, galibi tsakanin 45 da 55, da zafin jiki na dare da rashin barci da saurin fushi, sau da yawa kuma daidai lokacin ake kawo mata kishiya ƴar tsarar ɗiyarta. Sai a ce Hajiya ta cika kishi. Maigida ka tambaye ta ko tana barci ma.

Babanmu tun da ya yi ritaya ya zama mai faɗa, yanzu kuma ya fara mantuwa. Tsufa ne kawai?

Abu biyu ne kuka haɗa. Mutumin da shekara 30 ana ce masa ranka ya daɗe a biro, yau ya wayi gari babu mai buga masa waya, faɗan nan neman wuri yake. Ku riƙa kawo masa shawara ko kun riga kun san amsa, ku bar jikoki su zauna ya ba su labarin yunwar 1984 karo na goma, waiwayen nan aiki ne yake yi, yana ɗinke rayuwarsa wuri guda.

Mantuwa kuwa kala biyu ce. Manta inda aka ajiye carbi kowa na yi. Amma ya ɓace hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana zuwa, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya kira ɗiyarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu, wannan gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mafi yawansa nau'in da ake kira Alzheimer. Ku kai shi a duba, don wani lokaci abin da ke rikita tsoho ciwon fitsari ne ko suga ko wani magani da yake sha, kuma waɗannan ana gyara su. Kar ku yi gardama da shi in ya ce yau Juma'a alhali Talata ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohuwa ta rikice tana sambatu, unguwa ta ce mayya ce tana tone-tone. Uwar wani ce ba ta da lafiya.

To ta yaya za a bambance girgizar da za ta wuce da ciwon da ke son likita? Kuma malam za a fara ko likita?

Ka duba tsawon lokaci, ka duba kuma ko rayuwa ta tsaya. Baƙin ciki bayan rashi ba ciwo ba ne, Annabi SAW kansa akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu. Amma in mutum ya yi mako 2 ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, babu abin da ke masa daɗi, barci ya lalace, ci ya lalace, ya kasa aikin da ya saba, yana ganin kansa ba shi da amfani, to a je likita. In yana cewa gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa yana neman gafara ba dalili, kar a ce wasa yake. A tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. A kawar da maganin ƙwari da duk abin haɗari daga ɗakin, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Malam ko likita, ni ban ga faɗa tsakaninsu ba, wanda ya karye ana yi masa addu'a kuma ana ɗora shi. A yi addu'a, a je likita, kar dai a shekara ana yawon gidajen masu magani ana saida awaki, kar kuma a yarda da duk wanda zai ɗaure mara lafiya da mari ko ya doke shi da sunan fitar da iska. A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su za su tura gaba, nan Tawa akwai babban asibitin jiha, a Yamai kuma babban asibitin ƙasa yana da sashen masu wannan lalura. Na san abin da ke hana mutane, kar a gan ka a ce gidan wane akwai hauka, ƴan matan gidan su rasa miji. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Kai fa Malam, wane mataki kake?

Haha, ɗaya daga tsofaffin ɗalibaina ne ya jefo mini wannan. Na bakwai nake ɗana, na magidanta, har na fara leƙen na takwas. Bara na yi wata kusan 3 ba na barcin kirki bayan rasuwar mahaifiyata, ni da ke ba mutane shawara sai ga ni ina ce wa uwargida ba komi, gajiya ce. Ita ta kira aminina a ɓoye, ya zo da moto bayan la'asar ya ce hau mu je, ban tambaye shi ina ba. Bakin tabki muka je muka zauna har magariba, shi bai ce komi ba ni ma ban ce ba, sai a zuwa na uku na fara magana.